Takardun kuɗin Bama daga 1948 zuwa 1987: wanne ne mai wuyar samu, kuma ta ina ake farawa?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar manya a kan takardun kuɗin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, waɗanda aka buga bayan samun 'yancin kai. Waɗanda suka fi jan ido su ne masu baƙon adadi: kyat 15, 35, 45, 75 da 90. Tambayata uku ce. Shin waɗannan biyar ɗin suna da wuyar samu kamar yadda wasu masu sayarwa ke rubutawa? Takardu nawa ne gaba ɗaya in ana son haɗa jerin tun daga 1948? Sannan yaya ake gane shekarar takarda, tunda ba a ganin shekara a jikinta?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, barka da shigowa ƙanena. Bari in fara da ta biyu don ita za ta warware sauran. Bama ta samu 'yanci ranar 4 ga Janairun 1948, aka sauya mata suna a 1989. Tsakanin nan, in ka bi lambobin kundin Pick, jerin takardun kuɗin duniya da masu tarawa ke aiki da shi, takardu 33 ne, daga lamba 34 zuwa 66, ban da ƙananan bambance-bambancen bugu. Abin da ya raba su gida-gida shi ne sunan hukumar da ta fitar da su, wanda ke rubuce da Turanci, galibi ta baya. Amsar tambayarka ta uku ke nan: ba shekara za ka nema ba, sunan banki za ka karanta.

Gidan farko GOVERNMENT OF BURMA, rupi 1 da rupi 5 na 1948. Sai GOVERNMENT OF THE UNION OF BURMA, rupi 10 na 1949 da rupi 100 na 1950. Daga nan UNION BANK OF BURMA ya karɓa, ya fitar da kashi uku: rupi 1, 5, 10 da 100 a 1953, sai kyat masu wannan adadin a cikin shekarar dai, sannan guda shida a 1958, wato 1, 5, 10, 20, 50 da 100. Waɗannan na 1958 su ne na farko da fuskar Janar Aung San, jagoran gwagwarmayar 'yancin ƙasar, ta fito a gabansu. Kafin su ɗawisu ne da chinthe, zakin nan na almara da ake girkewa a ƙofar wuraren ibadarsu. A 1965 sai PEOPLES BANK OF BURMA da guda huɗu, 1, 5, 10 da 20. Na ƙarshe UNION OF BURMA BANK, guda goma sha ɗaya daga 1972 zuwa 1987, kuma a cikinsu biyar ɗinka suke.

Ka lura da tarkon da ke nan. UNION BANK OF BURMA na shekarun 1950 ne, UNION OF BURMA BANK kuwa daga 1972 ne. Kalmomi huɗu ne iri ɗaya aka sauya musu zama, amma kusan shekara ashirin ke tsakani, kuma a nan ake yawan sayar wa mutum ta 1972 da sunan ta 1958.

Mai Rafa:
Malam ya gama da lissafi, ni kuma in amsa ta farko kai tsaye: a'a, ba su da wuya. Kyat 15, 35 da 75 suna cikin takardun Asiya da suka fi yawa a hannun dillalai, sababbi dal, har rafa-rafa ake sayar da su, ɗari-ɗari lamba na bin lamba. Dalili kuwa, 75 ta fito a Nuwamban 1985, 15 da 35 a Agustan 1986, aka soke 35 da 75 a Satumban 1987. Ko shekara biyu 75 ba ta cika a kasuwa ba, 35 kuwa shekara ɗaya da wata guda. Abin da bai zagaya ba bai tsufa ba, kuma da ya tashi daga kuɗi ya koma takarda sai ya bi hanya ya fita ƙasar da yawa. Kyat 45 da 90 sun ɗan fi su tsada don sun daɗe ana kashe su, amma su ma ba abin a yi musu tseren saye ba ne. Duk wanda ya rubuta maka cewa 35 ba ta samuwa, baƙon adadin yake sayar maka.

Masu wuyar gaske suna can baya: rupi 100 na 1950, rupi huɗun nan na 1953, musamman 100, da kyat 50 na 1958 in ana son ta ba lanƙwasa.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Amma Malam, akwai abin da ya ɗaure min kai. In an koma kyat a 1952, me ya kawo rupi a 1953?

Malamin Tarihi:
Tambaya mai kyau. Ranar 1 ga Yulin 1952 kyat ya maye gurbin rupi, ɗaya da ɗaya, aka raba shi pya 100. Amma kashin farko da sabon bankin ya fitar a 1953 ya zo da kalmar RUPEE a ɓangaren Turanci, ba a jima ba aka biyo shi da wanda aka rubuta KYAT. Zanen kusan ɗaya ne. Shi ya sa ba a yanke hukunci a kan takardar 1953 da hoton gaba kaɗai, dole a juya ta a karanta. Mai RUPEE ta fi ƙaranci don zamaninta gajere ne. In mai sayarwa ya saka hoton fuska ɗaya, a nemi na bayan kafin a yi maganar kuɗi.

Wani abu kuma ga mai karatu da bakin Hausa: rubutun kyat na sa mu furta shi kamar farkon kalmar kyau, amma su masu kuɗin abin da suke faɗa ya fi kusa da "cat", da c irin ta cikin ciniki.

Ɗan Damagaram:
Ina da gyara kaɗan ga abin da ke yawo a shafuka da dama, cewa an soke kyat 25 a 1985. Ba zai yiwu ba, tunda 25 na cikin ukun da aka soke ranar 5 ga Satumban 1987, tare da 35 da 75. Abin da aka soke a Nuwamban 1985 shi ne 50 da 100 da tsohuwar 20. Ga mai tarawa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Kyat 25 ta fito a 1972 ta yi shekara goma sha biyar tana aiki, ita ce babbar takarda a ƙasar har zuwa 1976 da 100 ta dawo. Ita kuwa 50 sai 1979 ta fito, shekara shida kacal ta yi.

Malamin Tarihi:
Haka yake, Malam, na gode da wannan. Sokewa uku ce, kuma duk a zamanin Janar Ne Win, wanda ya ƙwace mulki ranar 2 ga Maris 1962. Ta farko a Mayun 1964, ta ci 50 da 100. Shi ya sa in ka dubi kashin 1965 za ka ga ya tsaya a 20, gwamnati ta ƙi buga babbar takarda da gangan. Ta biyu ita ce ta 1985, wadda aka bari a canza wani adadi ƙayyadadde. Ta uku, ta 1987, ba canji ba diyya. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da ke hannun jama'a ya zama takardar banza a wuni guda. Ɗalibai a Rangun suka fito, aka rufe makarantu, kuma fushin bai huce ba har boren 8 ga Agustan 1988. Ranar 22 ga Satumban 1987 aka fito da 45 da 90. Raunin ya yi zurfin da har tsarin mulkin ƙasar na 2008, a sashe na 36, ya rubuta cewa gwamnati ba za ta soke kuɗin da ke yawo bisa doka ba.

Wanda ya ga canjin kuɗin Najeriya na Afrilun 1984 ya san layin banki da ƙurewar wa'adi, amma a can ko layin babu, don ba inda za a kai su.

Hajiya Mai Kundi:
A nan ne nake da saɓani da Alhaji Mai Rafa da duk masu cewa sai sabuwa dal. Takardar 35 da ta fito daga rafa ba ta taɓa shiga hannun ɗan Bama ba, daga ɗakin ajiya ta wuce wurin dillali. Wadda ta lanƙwashe gida huɗu, gefenta ya yi laushi, ita ce ta kwana a ƙullin zanen wata mai sayar da shinkafa ranar da rediyo ya ce ta daina aiki. In tarihin sokewar nan ne ya jawo mutum, to ya ajiye biyu a shafi ɗaya, sabuwa don a ga zane, tsohuwa don a ga abin da ya faru. Kuɗin biyun ma bai taka kara ya karya ba.

Mai Rafa:
Hajiya, ban ƙi taki ba a kan na 1985 zuwa 1987, tunda araha ne. Amma kada sabon shiga ya ɗauka tsohuwa za ta riƙe daraja. Inda sabuwa ke samuwa rafa-rafa, mai lanƙwasa ba ta da mai saye in an tashi sayarwa. Inda maganarki ta fi ƙarfi shi ne 1948 zuwa 1953. A nan kam jiran sabuwa dal ɓata lokaci ne ga mai ƙaramin ƙarfi. A samu mai tsabta, kusurwoyinta huɗu cikakku, ba yagewa, ba rubutun biro, a riƙe.

Ga yadda ake auna su, bisa ma'aunin IBNS, ƙungiyar masu tara takardun kuɗi ta duniya, da yawancin dillalai ke bi. UNC ita ce wadda ba lanƙwasa ko ɗaya, kusurwa kaifi. AU tana da lanƙwasa mara nauyi guda ɗaya ko alamar yatsan mai ƙirga. XF lanƙwasa marasa nauyi har uku, ko guda ɗaya mai ƙarfi. VF ta lanƙwashe tsaye da kwance amma takardar na da sauran ƙarfi, in ka kaɗa ta tana ƙara. F ta yi laushi, launi ya fara dushewa. Ga rupi 100 na 1950, VF ta gaskiya abin alfahari ce.

Baba Mai Gilashi:
Ku bari in sa baki, 'ya'yana, don abin da ya fi cin kuɗin mutane a wannan fanni ba jabu ba ne, wanki da guga ne. Ba wanda zai ɓata lokacinsa ya buga jabun 35. Amma a ɗauki VF ta 1958 a wanke, a goge, a sayar da sunan AU, wannan kullum ana yi.

Ga yadda ake kama ta. A kashe fitilar ɗaki, a kwantar da takardar a kan tebur, a kunna fitilar waya a ajiye ta a gefe kusan daidai da tebur, hasken ya bi fuskar takardar a kwance. Duk lanƙwasar da dutsen guga ya danne za ta fito kamar siririn layi, don zaren takardar ya riga ya karye, guga ba ta ɗinke shi. Na biyu, a shafa yatsa mai tsabta a kan hoto da manyan rubutu. Inda aka yi bugun zane mai tudu, tawadar tana da kaushi, kuma ta baya ana ganin ɗan shatin matsi. Wadda aka goge ta zama sumul kamar takardar littafi. Na uku, fitilar duba kuɗi mai shuɗin haske, wadda ta fi kyau ita ce wadda aka rubuta 365nm a jikinta. Takardar kuɗi ta auduga ba ta ƙyalli a ƙarƙashinta, duhu-duhu take. In ta haska fari-shuɗi gaba ɗaya ko dabbare-dabbare, an wanke ta da garin sabulu, don sinadarin da ke sa farin kaya haske ya kama ta. Na huɗu, hanci. Warin bilic ba ya ɓuya. Na biyar, a sa ta a kan wata irinta a ga ko girmansu ɗaya, domin akan aske gefen da ya tsufa da reza, milimita ɗaya ko biyu, don kusurwa ta dawo kaifi.

Gilashin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo, ya isa duk wannan aiki.

Sabon Shiga:
Baba, Allah ya ƙara girma. To in ta intanet ne, ba a hannu ba, yaya za a yi?

Baba Mai Gilashi:
Ba a cinikin biri a sama. A nemi hoto uku: gaba, baya, da wanda aka ɗaga ta ga haske. Na ukun zai nuna hoton cikin takarda, ya nuna ramukan allura ko na sitefila, ya kuma nuna inda aka liƙe yagewa da gam, don wurin yakan fi duhu. A duba lambar da ke cikin hoton, a ce ita ake so a aiko, ba 'yar uwarta ba. Ga masu araha irin 15 da 35 wannan bai zama dole ba, amma daga 1958 zuwa baya kada a yi sassauci. Wajen aikowa a ce a sa ta a leda mai tauri tsakanin kwali biyu, kada salatif ya kusanci bakin ledar, kuma a aiko ta wasiƙar rajista.

Ɗan Damagaram:
Tunda an zo maganar lamba, ya kamata mai tara kuɗin Bama ya haddace alƙalumansu goma, aikin rabin sa'a ne: ၀ ၁ ၂ ၃ ၄ ၅ ၆ ၇ ၈ ၉, daga sifiri zuwa tara. Waɗanda ke ruɗar ido su ne ၄ da ၅ da ၇, don duk suna kama da 9 ɗin boko ta wata fuska, alhali 4 ne da 5 da 7. Tara ta gaskiya ita ce ၉. Amfaninsa biyu. Za ka karanta adadin takarda daga gaba ba sai ka juya ba: ၃၅ ita ce 35, ၄၅ kuma 45, ၇၅ ita ce 75. Sannan a takardar da ke ɗauke da lamba iri biyu, ɗaya da alƙaluman Bama ɗaya da na boko, sai ka gwada su ka ga sun yi daidai.

Hajiya Mai Kundi:
Malam, ina so a koma kan dalilin baƙon adadin, don abin da kowa ke maimaitawa shi ne camfin Ne Win da lamba tara, a tsaya nan. A 45 da 90 maganar ta zauna: tara na raba su, kuma 4 da 5 tara ne, 9 da 0 tara ne. Ita 75 ana danganta ta da cikarsa shekara 75. To 15 da 35 fa? Tara ba ta raba ko ɗaya. A ganina akwai lissafin mulki a ciki. Wanda ya soke 50 da 100 ba zai so sabuwar takarda ta zo da adadin da ya soke ba, don kada tsohuwa ta saje da sabuwa a ƙauye, kuma yana son wahalar da masu fasa-ƙwauri da ke ƙirga kuɗi dami-dami.

Malamin Tarihi:
Hajiya, rabin maganarki na karɓa. Cewa camfi kaɗai bai bayyana 15 da 35 ba, gaskiya ne. Amma batun wahalar da 'yan fasa-ƙwauri bai gamsar da ni ba, domin wanda ya fi shan wahalar shi ne mai saye da sayarwa a kasuwa. Ki duba abin da ya rage a hannun mutane bayan Satumban 1987: 1, 5, 10, 15, 45 da 90. Kyat 100 sai a haɗa 90 da 10. Kyat 200 sai 90 biyu da 15 da 5. Kyat 500 kuwa 90 biyar da 45 da 5. Babban ɗan kasuwa zai ɗaure goma-goma ya san kowane ƙulli 900 ne, ya wuce. Mai tallan kifi ce za ta tsaya lissafi a kan kowane ciniki.

Abin da na fi so mai tarawa ya lura da shi a 45 da 90 ba adadin ba ne, fuskar ce. Tun 1958 Aung San ne a kan kowace takarda. A 1987 aka sauke shi daga manyan biyun. A kan 45 aka sa Po Hla Gyi, jagoran yajin aikin ma'aikatan rijiyoyin mai na 1938, bayanta kuma ma'aikata ne da rijiyoyin. A kan 90 aka sa Saya San, wanda ya jagoranci tawayen manoma a kan Turawan Ingila daga 1930, suka rataye shi a 1931, bayanta manomi da shanun huɗa. Ma'aikaci da manomi ke nan, daidai da aƙidar gurguzun da gwamnatin ke iƙirari.

Hajiya Mai Kundi:
Na yarda da batun mai tallan kifi. Amma cewa dabara ta cutar da talaka bai nuna ba a yi ta don ɗan fasa-ƙwauri ba, ai sokewar kanta da sunansa aka yi ta, talaka ya kwana a ciki. Mu bar shi a haka, kowa da hujjarsa.

Bayan takardun 1972 zuwa 1986 ma abin kallo ne ga mai son al'ada. Kyat 100 na 1976 na ɗauke da saung, abin kiɗansu mai tsirkiya da lanƙwasasshen wuya. Kyat 25 na da pyinsarupa, dabbar almara da aka haɗa daga sassan dabbobi biyar. A 50 da 75 akwai Lawkanat, wanda suke ɗauka alamar zaman lafiya. Na 1958 kuwa aikin yau da kullum ne: giwa na ɗaukar gungume a 10, mata na dashen shinkafa a 20, manomi da shanu a 100.

Mai Rafa:
Akwai kuma bambancin maɗaba'a, wanda hannu ke ji kafin ido ya gani. Daga 1948 zuwa 1958 kamfanin Thomas De La Rue na Ingila ne ya buga. Na 1965 a Jamus ta Gabas aka yi su. Daga 1972 suka koma bugawa a gida, a maɗaba'ar Wazi, da taimakon fasaha na kamfanin Giesecke & Devrient na Jamus ta Yamma. In ka jera kyat 10 na 1958 da na 1965 da na 1973 za ka ga hannu uku daban, a takarda da tawada da yanayin zanen fuska. Wannan jeri na uku ba shi da tsada, kuma ya fi koya wa sabon shiga ido fiye da karatun wata guda.

Gargaɗi ɗaya a kan masu hatimin SPECIMEN. Samfurin gaskiya lambarsa sifiri ce zalla, na De La Rue kuma yakan zo da hatimin kamfanin mai siffar ƙwai da ƙaramar lambar samfuri a gefe. In ka ga 75 mai lamba irin ta kowa an danna mata jan hatimi, an lalata takarda mai araha ne don a ninka mata kuɗi.

Sabon Shiga:
Akwai wasu da ake samu a akwatunan tsofaffin sojojin Yaƙin Bama, an rubuta THE JAPANESE GOVERNMENT. Suna cikin 33 ɗin?

Malamin Tarihi:
Ba sa ciki. Waɗannan kuɗin mamayar Japan ne, daga 1942, rupi da santi. Ana gane na Bama da harafin B a farkon haruffan da ke jikinsu, kamar BA ko BB, masu rupi kuma da hoton wurin ibada na Ananda da ke Bagan. An buga su ba iyaka, don haka a kasuwa ba su da tsada. Darajarsu a gidajenmu ta wani wuri take: dakarun Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, sun yi yaƙi a yankin Arakan a 1944 da 1945. Takardar da ta dawo a aljihun kaka a ajiye ta da sunansa da lambarsa ta soja, kada a cakuɗa ta da na saye. Haka nan takardun Indiya masu hoton Sarki George na Shida da aka danna wa MILITARY ADMINISTRATION OF BURMA ko BURMA CURRENCY BOARD, na kafin 'yanci ne. A kansu ne ake samun hatimin jabu, don haka ba wurin fara koyo ba ne.

Ta ɗaya ƙarshen kuma, wanda ke son rufe jerin da kyau yakan ƙara kyat 1 na 1990, lamba 67, ta farko mai sunan CENTRAL BANK OF MYANMAR. Mutane sun ce hoton cikin takardar ya fi kama da Aung San Suu Kyi fiye da mahaifinta, ba a jima ba aka daina fitar da ita. Daga nan fuskar Aung San ta ɓace daga kuɗin ƙasar, chinthe ya dawo, sai a 2020 aka sake sa shi a kan kyat 1000.

Hajiya Mai Kundi:
Saura ajiya, wadda a yanayinmu ita ce rabin aikin. Abokan gaba uku ne: ledar da ba ta dace ba, danshin damina, da bushewar hunturu.

Leda tukuna. Kada a sa takarda a cikin PVC, irin ledar nan mai laushi da wari ta kundin hotuna. Da zafi take fitar da maiƙo, ya shiga takardar ya mai da ita kamar an ɗiga mata man gyaɗa, kuma ba ya fita. A nemi Mylar ko wata ledar da aka rubuta ba PVC a cikinta. In akwai alamar kusurwa uku, lamba 1 ko 5 lafiya, lamba 3 a guje ta. In ba alama, a gasa wayar tagulla a wuta, a taɓa gefen ledar, a mayar cikin harshen wutar: in ya koma kore, PVC ce. A yi wannan a waje. Laminatin kuwa kashe takarda ne baki ɗaya, ba mai sayenta bayan haka. A auna takardar kafin a sayi leda, don manyan na shekarun 1950 ba sa shiga ƙaramin aljihu, kuma turawa da ƙarfi ke karya kusurwa.

Danshi ana son ya tsaya tsakanin 45 da 55 cikin ɗari. In ya haura 65 ya daɗe, sai fumfuna da ɗigon nan ja-ja mai kama da tsatsa. A samu akwatin roba mai murfi da ke kamawa sosai, a sa ƙaramin ma'aunin danshi da ƙullin silika mai shanye danshi kamar giram 50 ga akwati mai cin lita goma. A Yuli da Agusta a duba duk mako biyu. In silikar ta sauya launi a gasa ta a obin a zafin digiri 120 na Salshiyos na awa ɗaya zuwa biyu, ta huce a rufe, a mayar. Da hunturu kuma a cire silikar, don in danshi ya faɗi ƙasa sosai tsohuwar takarda na bushewa ta tsage a kan lanƙwasa. Akwatin ya zauna a ɗakin ciki, nesa da bango da ƙasa saboda gara, ba saman sif kusa da rufin kwano ba.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, kada a bar kilif ko roba a jikin rafa. Robar na narkewa ta manne da ta sama da ta ƙasa, kilif kuma ya bar tsatsa. In rafar da takardar ɗaurinta ta asali ta zo, a bar ta a haka a sa a leda ɗaya, don ɗaurin na cikin abin da ake saye.

Sabon Shiga:
Na fahimta sosai. Tambaya ta ƙarshe: ya dace a aika su kamfanin tantancewa irin PMG a rufe su?

Mai Rafa:
Ga lamba 52 zuwa 66, a'a. Kuɗin tantancewa da na aikawa da dawowa zai ninka kuɗin takardar sau da yawa. Ga rupi 100 na 1950, ko rupi na 1953, ko samfuri, ya fi sauƙi ka sayi wadda aka riga aka rufe. Ma'auninsu daga 1 zuwa 70 ne, kuma abin dubawa bayan lamba shi ne haruffan EPQ, waɗanda ke nufin takardar na nan yadda aka yi ta, ba wanki ba guga. Mai maki 35 da EPQ ta fi min mai maki 45 da babu.

In tsari kake so, fara daga ƙarshe ka yi baya. Sha ɗayan UNION OF BURMA BANK tukuna, dukkansu sababbi, a wurin dillali ɗaya don kuɗin aikawa ya zama ɗaya. Sai huɗun 1965. Sai 1, 5 da 10 na 1958 da ƙananan kyat na 1953. Ka kai ashirin da ɗaya ke nan in ka haɗa da 1, 5 da 10 na 1953. Sha biyun da suka rage su ne na haƙuri, ɗaya-ɗaya.

Baba Mai Gilashi:
A kan waɗannan sha biyun, ɗana, kada ramin allura ya sa ka bar takarda mai kyau. A wancan zamani a yankin Indiya da Bama da allura ko sitefila ake ɗinke kuɗi a banki, don haka ƙananan ramuka biyu a gefe ɗaya abu ne da aka saba gani, ana dai ambata su a rage kuɗi kaɗan. Abin gudu shi ne ramin da tsatsa ta zagaye, don tsatsar na ci gaba da cin takardar ko tana cikin leda. A sa gilashi a kan ramin: in bakinsa fari ne a saya, in ruwan ƙasa ne har ya fara faɗaɗa a jira wata.